Kiɗan da Ba Ya Ganin Mai Rawa

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakaninmu masu sana'ar rubuta manhaja, wadda ba mu cika bayyana ta a gaban manya ba. Idan aiki ya yi tsauri muka toshe kunnuwa da iyafis, sau da yawa abin da ke kaɗawa a ciki ba Shata ba ne, ba waƙar fim ba ce, ba kuma ta Indiya ba. Kiɗan wasannin bidiyo ne, wato gem, irin wanda muka buga a ƙuruciya a gidajen gem na unguwa, wani lokaci ma na wasan da ba mu taɓa riƙe madanninsa ba. Ba mu kaɗai ba ne kuwa. Ɗalibai na karatu da shi, masu zane na zane da shi, kuma duk wanda ya leƙa YouTube zai tarar da mutanen da suka ɗauki kiɗan minti biyu suka jera shi har ya cika awa goma, jama'a kuma na saurare.

Abin da ya dame mu a nan tambaya ce mai kamar sauƙi. Kiɗan da aka tsara don ya raka wani aiki, idan aka raba shi da wannan aikin, me ya saura a cikinsa? Mu kuma da muka ɗauko shi muka sa a kunne muna wani aikin daban, mu ke amfani da shi ko shi ke amfani da mu?

Bahaushe ba baƙon wannan tambaya ba ne, ko da bai taɓa ganin gem ba. Yawancin kiɗanmu na gargajiya kiɗan aiki ne. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma ce, tambari na sarki ne, mata kuma suna da lugude a bakin turmi da waƙar niƙa a kan dutse. A filin dambe kowane sanannen ɗan wasa yana da takensa, kuma da makaɗi ya hango shi ya sake kiɗa, sai ka ga jikin mutum ya ɗauki tsuma. Daga baya rediyo da kaset suka zo suka kwashe wannan kiɗa suka kai shi shagon tela da cikin mota. Direban da ke kan hanyar Gusau yana jin waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago ba dambe yake yi ba, bai naɗe hannu da zare ba, babu abokin karawa a gabansa. Duk da haka ƙirjinsa na cika. Iyayenmu sun saba da wannan tun kafin a haife mu, saboda haka ba za su ce mun zo da sabon abu ba. Sai dai akwai wani bambanci tsakanin nasu da namu, kuma kafin mu kai gare shi sai mun duba yadda ake ƙera kiɗan gem.

A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Super Mario Bros., kuma wani saurayi mai suna Koji Kondo ne ya yi masa kiɗa. Na'urar da wasan ke gudana a kai muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda: uku na karin sauti, ɗaya ta ƙara mai kama da shiiii wadda ake sarrafawa ta zama ganga, ɗaya kuma ta gajerun sautukan da aka naɗa. Wasan gaba ɗayansa, da hotuna da kiɗa da dokokinsa, kilobait 40 ne, wato bai kai hoto guda da muke turawa a WhatsApp ba. Saboda ƙarancin muryoyin, idan Mario ya yi tsalle ko ya ɗauki kwabo, sai na'urar ta ari murya ɗaya daga cikin kiɗan ta yi ƙarar da ita, sannan ta mayar. Kiɗan da wasan suna cin abinci a kwano ɗaya ke nan. Kuma da yake babu wurin ajiye doguwar waƙa, dole Kondo ya rubuta kiɗan da bai kai minti biyu ba wanda zai koma farko ya sake tashi, sau hamsin ko sau ɗari, ba tare da yaro ya gundura ya rage murya ba.

Wannan shi ne sirri na farko. Kiɗan gem ba shi da ƙarshe. Waƙar Shata tana da amshi, tana zagayawa, amma akwai inda Shata zai ga ya isa ya tsaya. Kiɗan Mario kuwa an ɗinke wutsiyarsa da kansa yadda kunne ba zai gane inda ɗinkin yake ba.

Sirri na biyu ya fi wannan muhimmanci: kiɗan yana kallon mai wasa. Duk wanda ya buga Mario ya san abin da ke faruwa idan agogon saman allo ya sauko ƙasa da 100. Sai a ji ɗan gargaɗi, kiɗan ya ƙara sauri, hannu ya fara gumi. Waɗanda suka buga Sonic na 1991 a kan Sega ba za su manta da kiɗan nutsewa ba, lokacin da numfashin Sonic ke ƙarewa a ƙarƙashin ruwa, lambobi na sauka daga 5, kiɗan na matsowa kamar mai bin ka da gudu a lungu. Har yau akwai magidanta masu 'ya'ya da gabansu ke faɗuwa in sun ji shi. A wannan shekarar ta 1991 wasu ma'aikatan kamfanin LucasArts a Amurka, Michael Land da Peter McConnell, suka fito da wani tsari mai suna iMUSE a wasan Monkey Island 2. Aikinsa shi ne idan ka fita daga wani ɗaki ka shiga wani, kiɗan ba zai yanke ba, zai jira gaɓar da ta dace ya juya zuwa sabon kari kamar da ma haka aka rubuta shi. Wasannin yau sun wuce nan nesa. Ana naɗar kiɗa hawa-hawa, gangar daban, gogen daban, muryoyin daban, sai manhaja ta riƙa yanke hukunci: in maƙiyi ya kusato a shigo da ganga, in ran mai wasa ya ragu a rage sauran muryoyi, in ya tsira a sassauta. Mu da muke rubuta irin waɗannan sharuɗɗa kullum mun san ba sihiri ba ne, layuka ne na «idan kaza ya faru, yi kaza». Amma abin da mai wasa ke ji a jikinsa shi ne akwai makaɗin da ke bin sa a baya, yana ganin kowane motsinsa.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A cikin gem maganar juyawa take yi: in rawa ta sauya, kiɗa ne ke sauyawa. Da ma haka makaɗin dambe yake. Idonsa na kan fili, hannunsa na amsa abin da ido ya gani.

To, ranar da aka ciro wannan kiɗa daga wasa aka zuba shi a faifai, abu na farko da ya mutu shi ne idon. Abin da muke ji a waya tsari ɗaya ne da mawallafin kiɗan ya zaɓa ya daskarar, ganga ta shigo a daƙiƙa kaza ko da muna kwance ne a kan katifa. Makaɗin ya makance. Yana ci gaba da kiɗa, amma bai san ko muna rawa ko mun yi barci ba.

Ba mu ce wannan asara ce zalla ba. Gaskiyar magana ita ce a cikin wasa ba ma sauraron kiɗan sosai. Wanda bos ya ritsa a lungu, ransa saura ƙiris, ga layin yara a bayansa suna jira ya faɗi ya miƙa madanni, ina ya ga kunnen lura da yadda aka jera muryoyi? Sai bayan shekaru, da muka ji shi shi kaɗai, muka gane ashe aiki aka yi. Muka kuma fara tambayar wa ya yi. A shekarun 1980 da farkon 1990 kamfanonin Japan da dama ba sa rubuta cikakkun sunayen ma'aikatansu a ƙarshen wasa, sai laƙabi. Manami Matsumae, wadda ta yi kiɗan Mega Man na farko a 1987, da laƙabi aka ambace ta. Haka Yoko Shimomura, wadda ta rubuta mafi yawan kiɗan Street Fighter II na 1991 tana 'yar shekara ashirin da 'yan kai. Mai karatu ya tuna yadda gidan gem yake: ɗaki cike da samari, ƙarar janareta, ihu da cika baki, babu mace ko ɗaya. Ashe taken da ke sa su tsuma duk wata budurwa ce ta rubuta shi a ofis a Osaka. Ba don mun fitar da kiɗan daga wasa ba, da yawancinmu ba za mu taɓa sanin sunanta ba. A wannan fuska sauraro a wajen wasa biyan bashi ne. An daɗe ana rawa ba a yi wa makaɗi liƙi ba.

Mutanen Japan sun riga kowa gane haka. Tun a watan Agusta na 1987 Koichi Sugiyama ya tsaya a gaban tawagar makaɗa a zauren Suntory na Tokyo suka kaɗa kiɗan Dragon Quest ga mutanen da ke zaune a kujeru, babu allo babu madanni. A bikin buɗe wasannin Olamfik na Tokyo a 2021, da kiɗan gem 'yan wasan ƙasashen duniya suka shigo fili. A 2023 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa kiɗan Mario a jerin sautukan da ƙasar ke adanawa don tarihi, kuma shi ne kiɗan gem na farko da ya shiga. A shekarar ce kuma aka fara ba da lambar Grammy ta musamman ga kiɗan wasannin bidiyo. Wanda ke ganin abin shirme ne na yara yana da 'yancin ra'ayinsa, amma duniya ta wuce wurin.

Wani zai ce ai duk wannan tuna baya ne kawai, kuma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda ya buga Final Fantasy VII na 1997 ya san wurin da aka kashe Aerith a ƙarshen faifan farko, ya kuma san abin da Nobuo Uematsu da abokan aikinsa suka yi a nan: maimakon kiɗan faɗa da aka saba, sai suka bar taken yarinyar mai sanyi ya ci gaba da tafiya a duk tsawon faɗan da ya biyo baya. Kana dukan dodo, kiɗa na makoki. Wanda ya ratsa wannan wuri, in ya ji taken a yau, ba fiyano kawai yake ji ba, yana jin ɗakin da ya zauna, da abokin da ke gefensa, da shekarun da ba za su dawo ba. Ƙanensa da bai buga ba zai ce kiɗan da daɗi, shi ke nan. Ba abu ɗaya suke ji ba, kuma babu yadda za a yi na farkon ya ba na biyun abin da yake ji.

Amma tuna baya bai isa ya bayyana komai ba, domin kiɗa ba shi da gida ɗaya. Kiɗan Tetris da kowa ya sani, wanda ya zo da na'urar Game Boy a 1989, tsohuwar waƙar mutanen Rasha ce mai suna Korobeiniki, ma'ana 'yan koli, wadda aka ɗauko daga wani waƙe da Nikolai Nekrasov ya wallafa a 1861. Labarin ɗan koli ne da budurwarsa, kuma a ƙarshen waƙen kashe shi aka yi a hanya. Miliyoyin da suka jera tubala da wannan kiɗa ba su san da ɗan koli ba. A wasan Grand Theft Auto IV na 2008 akwai tashar rediyo ta cikin mota wadda Femi Kuti ke gabatarwa, ana sa Zombie ta mahaifinsa Fela, waƙar da ta harzuƙa sojoji kafin su ƙone gidansa na Kalakuta a 1977. Yaro a Turai na jin ta yana satar motar ƙarya a birnin ƙarya. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Baba Yetu da Christopher Tin ya yi wa wasan Civilization IV a 2005, addu'ar Kirista ce da harshen Swahili, ta shiga gem, ta fito ta ci Grammy a 2011, yanzu kuma ƙungiyoyin mawaƙa na rera ta a wuraren da ba a san wasan ba. Kiɗa na shiga gem yana fita kamar fatake a zango. Saboda haka ba za mu tsaya muna kukan an raba kiɗa da mahaifarsa ba. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba a kanmu aka fara ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne abin da muke yi da shi bayan mun ciro shi. Kaɗan ne daga cikinmu ke zama su saurare shi kamar yadda mutanen zauren Suntory suka yi. Yawancinmu aiki muke yi da shi, kuma dalilin a fili yake. Ba shi da kalmomi, don haka ba ya kokawa da kalmomin da ke kanmu lokacin da muke rubutu. An gina shi don ya riƙe hankali a kan allo ba tare da ya janye shi zuwa kansa ba. Ba ya ƙarewa, don haka babu gaɓar da za mu ɗago kai mu duba agogo. Duk siffofin da suka sa yaro ya manta da aiken da aka yi masa su ne suke sa babba ya manta azahar ta wuce, la'asar na shirin bin ta. Kamfanonin ma sun lura. Da Nintendo ya fitar da manhajarsa ta sauraron kiɗa a watan Oktoba na 2024, ya sa mata maɓallin da zai ja wasu kaɗe-kaɗen su kai minti 15, ko 30, ko 60 ba yankewa.

Mu koma gona. A gayya mai gona ne ke gayyato jama'a, ya tanadi abinci, ya kira makaɗi. Makaɗin na bin bayan manoma yana kiran kirarinsu, samari na tsere a kan kunya, aikin kwana uku ya ƙare a yini ɗaya. Babu mai musun cewa gangar dabara ce ta sa mutum ya yi fiye da abin da zai yi shi kaɗai. Amma makaɗin nan mutum ne. Hannunsa na gajiya, maƙogwaronsa na bushewa, rana na dukan sa kamar yadda take dukan kowa. In ya ajiye ganga ya nemi inuwa da fura, kowa ya ajiye garma. Gajiyarsa ita ce agogon gonar. Yana kuma ganin wanda ya fara tangaɗi, ya san ɗan wane ne, ya san gobe zai haɗu da uwarsa a hanya. Sannan gayya bashi ce, yau a gonarka gobe a tawa.

Makaɗin da ke cikin iyafis ɗinmu ba ya gajiya, ba ya jin ƙishi, bai san sunan kowa ba. Abin mamaki kuma ba mai gona ne ya kira shi ba. Mu muka kira wa kanmu, da datarmu, don mu ƙara wa mai gona yawan kunya. Wasunmu na yi wa kamfanonin da ke wata nahiya aiki, safiyarsu ita ce yammacinmu, sai dare ya raba muna kan allo da kiɗan wani jarumi mai ceton duniya a kunne. Za a ce ai balagagge ne, shi ya zaɓa, kuma da wannan aikin yake ciyar da gida yake biyan kuɗin makarantar ƙannensa. Haka ne. Za a kuma ce wanda ke aiki a ɗakin da janaretan maƙwabci ke ruri a bayan taga dole ya sami abin toshe kunne. Wannan ma haka ne, kuma mu ne shaidu. Ba ma neman a cire iyafis. Abin da muke cewa shi ne a da tsayawa na zuwa ne daga waje, daga gajiyar wani mutum, yanzu kuwa an bar wa mai noman shi kaɗai, kuma an ba shi kiɗan da aka ƙera musamman don kada ya tuna da ita.

Akwai wani abu kuma da ya fi tsawon lokaci ciwo. A duba jerin kiɗan gem da mutane ke haɗawa don aiki ko karatu. Za a ga kiɗan ƙauye mai lumana, kiɗan tafiya a daji, kiɗan faɗa mai sa ƙarfin gwiwa, kiɗan nasara. Da wuya a ga wanda ya sa kiɗan nutsewar Sonic, ko ɗan gajeren kiɗan da ke tashi in Mario ya faɗa rami, ko na ƙarshen wasa lokacin da rayuka suka ƙare. A cikin gem kiɗan alƙali ne. Yana yaba maka in ka yi daidai, yana gaya maka a take in ka yi kuskure, kuma ba ya jin kunyarka. Makaɗin Hausa ma haka yake, bakin da ke yabo shi ke zambo da habaici, shi ya sa ake tsoronsa. Mu kuwa da muka zo ɗauka sai muka tsince yabon muka bar zambon. Muka haɗa wa kanmu maroƙin da ba ya faɗin komai sai alheri, ko me muke aikatawa.

Galibi wannan ba ya cutar da kowa. Mutum ya kwana yana farautar kuskure ɗaya a cikin layuka dubu, ya gano shi da asuba, babu mai tafa masa, babu kakaki. In ya ari ɗan kiɗan nasara ya ji kamar ya kashe dodo, wa ya zalunta? Direban da ke jin waƙar Shago ya san shi ba Shago ba ne. Amma sana'armu ba kullum take da tsabta ba, kuma mun san haka. Cikinmu ne ake samun masu gina manhajojin caca da ke cinye albashin matasa ta waya. Cikinmu ne ake samun waɗanda suka rubuta manhajojin bashi masu kwashe lambobin wayar mutum su aika wa surukansa saƙon tozarci in ya makara da biya. Kowane layi na waɗannan wani ne ya zauna ya rubuta shi, kuma ba abin mamaki ba ne a ce da iyafis a kunnensa. Kiɗan da ya raka mai gina manhajar asibiti shi zai raka wannan, da daɗi iri ɗaya, da jin jarumta iri ɗaya. Makaɗin fili in ya ga wasa ya zama ta'adi yana iya kife gangarsa. Wannan ba zai kife ba, don bai ga komai ba.

Bayan haka, mu ne muka fi kowa sanin cewa dabarar ba ta tsaya a gem ba. Ɗan sautin nan mai daɗi da waya ke yi in kuɗi sun shiga, ko in an ci wani abu a caca, ɗan'uwan ƙarar kwabon Mario ne. An koyi yadda gajeren sauti ke sa mutum ya so maimaita abu, aka fitar da ilimin daga ɗakin wasa aka kai shi kasuwa. Wanda ya girma da waɗannan sautuka kuma yau shi ake ba aikin dasa su, ya kamata a ce shi ya fi kowa jin nauyin abin. Sau da yawa kuwa ana ɗaukarsa a matsayin ƙaramin aikin da za a gama kafin a tashi.

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin kiɗa, kuma ba wannan muhawarar muka shigo ba. Ko wanda ya ɗauki ra'ayi mafi sauƙi a cikinta, tambayar da muka ɗauko tana nan tana jiransa, domin ba a kan sautin take ba, a kan wanda ke riƙe da linzami take.

Ra'ayinmu dai shi ne kiɗan da ya rasa ido yana bukatar kunne. A cikin wasa shi ke lura da mu, mu ba ma lura da shi, kuma cinikin ya yi daidai. A wajen wasa ya daina lura da mu, to in mu ma ba mu lura da shi ba, an sami wuri ke nan da babu mai kallon kowa, sai aiki kawai ke tafiya. Wanda ya zauna bayan isha ya sa taken Guile ya bi yadda Shimomura ta jera shi, ko ya sa wa 'yarsa kiɗan Mario yana nuna mata inda murya ɗaya ke ɓacewa in an yi tsalle, wannan ya ba kiɗan sabon gida. Wanda ya kunna na awa goma don kada ya ji jikinsa na cewa ya isa, ko don kada ya ji zuciyarsa na tambayar manhajar nan wa za ta cuta, shi wani abu daban yake yi, ko da faifan iri ɗaya ne.

Daga cikin mawallafan kiɗan gem akwai wanda aikinsa ya bi wata hanya dabam, kuma abin dariya shi ne nasa na cikin waɗanda aka fi kunnawa a lokacin aiki da karatu. Daniel Rosenfeld, Bajamushe da aka fi sani da C418, shi ya yi kiɗan Minecraft na asali, wanda aka tara a kundin Volume Alpha a 2011. Kiɗan fiyano ne mai sanyi, kuma ba ya zagayawa. Yadda aka tsara wasan, kiɗa ɗaya zai zo ya ƙare, sannan a yi shiru na tsawon minti 10 zuwa 20, ba ka jin komai sai takunka da kukan tumaki da ƙarar diga a kan dutse, kafin wani ya taso ba tare da sanarwa ba. Waɗanda suka buga sun san rabin daɗin kiɗan daga wannan shirun yake fitowa. A kundin da muke kunnawa a waya babu shi, kiɗa na ƙarewa wani ke hawa. A 2025 masu wasan suka ƙara wani zaɓi a cikin saitunansa, wanda ke ba mai wasa damar rage shirun, ko ya cire shi gaba ɗaya.